Ruwan Ƙarshen Damina da Ambaliyar Kogin Haɗejiya: Shirin da Ya Kamata Mai Ciki da Iyalinta Su Yi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗejiya ya san cewa ruwan farkon damina ba shi ne abin tsoro ba. Wannan ruwan shuka ne, ƙasa na jin ƙishi, tana shanye shi nan take. Ruwan da dattawa ke yi wa kallon tsanaki shi ne na bayan marka, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, lokacin da gero ya nuna, shinkafa ta yi ciki a fadama, mutane sun soma lissafin kaka. A daidai wannan lokaci ne kogi yake cika ya yi amai, kuma a daidai wannan lokaci ne mata da yawa suke shiga watansu. Macen da ta sami ciki a lokacin sanyi, cikin Disamba ko Janairu, haihuwarta a Satumba ko Oktoba za ta faɗo. Saboda haka muka ga ya dace a wannan fitowa mu bi sawun wannan ruwa tun daga inda yake tasowa har zuwa ƙofar ɗakin uwargida, mu kuma faɗi abin da za a yi tun kafin ya iso.

Daga ina hadarin yake tasowa?

Manomi ba ya bukatar a gaya masa cewa hadarin ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa. Masana yanayi sun tabbatar da haka. A lokacin damina, kusan duk bayan kwana uku zuwa biyar, akan sami wani curin iska da gajimare da ke tasowa daga wajen Sudan da Chadi, ya ratso arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, ya wuce Mali, ya faɗa tekun Atlantika ta wajen Senegal da Gini. Wasu daga cikinsu idan sun hau ruwan teku mai ɗumi sai su ƙara ƙarfi su zama mahaukaciyar guguwar nan da muke jin labarinta a rediyo. Mafi yawan manyan guguwar da ke afka wa Amurka da tsibiran Karibiyan daga Afirka asalinsu yake. Guguwar Irma, alal misali, ta haɗu ne kusa da gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarshen Agustan 2017, ta isa jihar Fulorida ranar 10 ga Satumba.

Mu nan muna nesa da teku, irin waccan guguwa ba ta zuwa mana. Rabonmu shi ne ruwan da hadarin yake zubarwa a kan hanyarsa. Idan ya zuba a Yuni, alheri ne zalla. Idan ya zuba a Satumba, bayan ƙasa ta ƙoshi, tafkuna sun cika, madatsun ruwa sun kai maƙura, to ba shi da wurin zuwa sai kogi.

Hanyar da ruwan yake bi

Kogin Haɗejiya a jihar Kano aka haife shi. Koguna biyu ne suke haɗuwa su samar da shi: Kogin Kano, wanda aka tare da madatsar Tiga a 1974, da Kogin Calawa, wanda aka kammala tasa madatsar a 1992. Bayan sun haɗu sai ruwan ya bi ta Wudil ya shigo Jigawa, ya ratsa ƙasar Ringim da Taura da Miga da Jahun, ya gangara Auyo da Kafin Hausa da Haɗejiya, ya bazu a fadamun Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru. Can wajen Gashuwa yake haɗuwa da Kogin Jama'are su zama Kogin Yobe, wanda ke ƙarewa a Tafkin Chadi.

Daga Wudil zuwa ƙasa, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba gangare sosai. Ruwa ba ya gudu, rarrafe yake yi tsakanin jigayi. Ga yashi da ya cike cikin kogin shekara da shekaru, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa da dama tun bayan da madatsun suka sa ruwa ya daina ƙafewa da rani. Wannan ya haifar da abubuwa biyu da ya kamata kowane magidanci ya riƙe. Na farko, ruwan da aka sheƙa a Kano yau yana iya ɗaukar kwanaki kafin ya iso Haɗejiya, saboda haka ambaliya tana iya shigowa gari alhali sama tas take, ba ko ɗigon hadari. Na biyu, idan ya shigo ba ya saurin tafiya. Yakan kwanta makonni, wani wurin ma har iskar hunturu ta soma kaɗawa.

Abin da ya faru a baya

Wannan ba sabon abu ba ne. A ƙarshen Agustan 2001 ruwa ya ci garuruwa da ƙauyuka masu yawa a Kano da Jigawa. A Satumban 2010 ya sake dawowa, har gwamnatin Jigawa ta ce ya shafi mutane kusan miliyan 2. An sake gani a 2012 da 2018 da 2020. Ta 2022 kuwa har yanzu ba a daina ba da labarinta ba. Tun cikin Agusta ruwan sama ya soma rusa gidajen ƙasa, kafin Satumba kogi ya tumbatsa, gonakin shinkafa suka nutse, hanyoyi suka yanke, iyalai suka koma makarantun firamare da bakin titi da zama. A Haɗejiya, matasa da dattawa sun yi ta cika buhuna da ƙasa dare da rana suna ƙara wa jinga tsawo don kada ruwa ya shiga gari. Gwamnatin jiha ta ce fiye da mutum 100 ne suka rasu a Jigawa kaɗai. A duk faɗin ƙasa kuwa, sama da mutum 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle kusa da Maiduguri, ruwa ya shiga har cikin asibitin koyarwa na birnin. Ke nan asibiti ma ba ya fi ƙarfin ambaliya ba.

Yawancin waɗanda ake ƙirgawa cikin mamata, ko gini ne ya faɗa musu, ko ruwa ya ci su, ko kwalekwale ya kife da su. Amma akwai wasu da ba kasafai suke shiga lissafi ba. Su ne matan da naƙuda ta kama a bayan ruwa.

Lokacin da hanya ta yanke

A ɗauki misalin yarinya mai cikin fari, wata tara, a wani ƙauye da ke hayin kogi. Da rani, tafiyar rabin sa'a ce a babur zuwa asibiti. Yanzu ruwa ya raba su da titi. Naƙuda ta fara da magariba, kunya ta hana ta faɗa sai tsakar dare. Maigida ya tafi tsaron jinga, ba wanda zai ba da izinin fita. Mai fito ba ya tuƙi da dare. Wayar gidan ba caji. Gari ya waye, an sami kwalekwale, an haye, sai kuma neman mota. Kafin a iso hannun ma'aikata an shafe kusan kwana guda.

A ɗakin haihuwa mun san ƙarshen irin wannan labari. Zubar jini bayan haihuwa tana iya kashe mace cikin sa'o'i biyu. Jijjiga ba ta jira. Doguwar naƙuda kan kashe jariri a ciki, ta bar uwa da yoyon fitsari, irin matan da ake yi wa aiki a Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta soma kula da masu haihuwa tun 2008. A cikin duk wannan jinkiri, ruwa abu ɗaya kawai ya jawo. Sauran, wato izini da kuɗi da waya da sanin wanda za a kira, abubuwa ne da ake iya gamawa da su tun watan Yuli.

Shiri tun kafin ruwa ya iso

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ga abin da muke roƙon kowane gida mai mace mai ciki ya yi:

1. A tambayi malamar awo watan haihuwa. Idan ya faɗo tsakanin Agusta da Oktoba, kuma ƙauyenku na cikin waɗanda ruwa ke yankewa, uwargida ta koma wurin 'yan'uwa a gari mai asibiti tun cikin yana wata takwas. Al'adar goyon ciki ta riga ta share mana hanya. Abin dubawa kawai shi ne gidan da za a je ya kasance a kan tudu, kusa da asibiti.

2. Akwai waɗanda bai kamata su jira ko kaɗan ba: mai cikin fari, musamman ƙaramar yarinya, wadda aka taɓa yi wa aiki aka ciro ɗa, mai tagwaye, mai hawan jini ko ciwon suga ko sikila, wadda ta taɓa zubar da jini a haihuwa, wadda ta haihu biyar ko fiye, da wadda aka ce ɗanta ya kwanta a gicciye.

3. Maigida ya ba da izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa da maƙwabta, cewa ko ba ya nan a kai iyalinsa asibiti. Ya bar kuɗin mota da na fito a hannunta.

4. A rubuta lambar direba biyu, da ta mai kwalekwale, da ta ma'aikacin asibitin da ya fi kusa. A tambayi mai unguwa ko akwai motar ɗaukar masu naƙuda a yankin. A san mutum biyu cikin dangi da za su iya ba da jini.

5. A haɗa jaka guda a rataye ta a sama: katin awo a ƙulle cikin leda, magunguna, zannuwa masu tsabta, kayan jariri da hula, sabulu, sabuwar reza, zare mai tsabta, babbar leda ta shimfiɗa, tocila, gidan sauro, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. Mai shan maganin hawan jini ko na ƙanjamau ta nemi a ba ta wanda zai kai ta wata guda ko fiye.

6. A riƙa sauraron rediyo. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumomin agaji na NEMA da SEMA sukan yi gargaɗi. Idan aka ce a tashi, mai ciki da yara da tsofaffi su ne na farko, kuma da rana. Kada a kwana a ɗakin ƙasa da gindinsa ya jiƙa ko bangonsa ya tsage.

A wurin fito, kada mai ciki ta shiga kwalekwalen da aka cika maƙil da mutane da buhuna. Kada kuma ta ratsa ruwa mai gudu da ƙafa, ko da iyakarsa gwiwa ne, domin nauyin ciki yana rage mata ƙarfin tsayuwa.

Cututtukan da ke biyo bayan ruwa

Zazzaɓin cizon sauro. Ruwan da ya kwanta gidan sauro ne, shi ya sa zazzaɓi ya fi tsanani a ƙarshen damina da farkon kaka. Ga mai ciki yana jawo ƙarancin jini, ɓari, haihuwar bakwaini, ko jariri maras nauyi. Wani lokaci ƙwayar cutar tana ɓoye a mabiyiya ba tare da uwa ta ji zafin jiki ba. Don haka ake ba da Fansidar a wurin awo, daga wata na huɗu, sau ɗaya a wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa, sai fa wadda likita ya hana. A kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare, ko a ajin makaranta aka sami mafaka. In zazzaɓi ya zo, a je a gwada jini, kada a wadatu da na kemis.

Amai da gudawa. Ambaliya tana cika masai ta kwaso ƙazanta ta zuba a rijiya. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Idan jikin mai ciki ya bushe, jinin da ke zuwa wa ɗan tayi yana raguwa, yana iya mutuwa a ciki. Da zarar gudawa ta fara, a soma shan ruwan gishiri da sukari, a kama hanyar asibiti ana sha. Ƙulli ɗaya na asibiti a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake zubawa. In babu shi, a sa sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a lita ɗaya.

Shawara. Akwai wani nau'in ciwon hanta da ake kira E, wanda shi ma ta gurɓataccen ruwa ake ɗauka. Yawancin mutane sukan warke, amma ga mace mai tsohon ciki yana da mugun haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar da suka kamu a watannin ƙarshe. An ga haka a 2017 a yankin Diffa na Nijar, a bakin Kogin Yobe, inda yawancin waɗanda suka rasu mata ne masu ciki. Idan idon mai ciki ya yi rawaya, fitsarinta ya yi duhu, wannan ba na jiƙe-jiƙe ba ne. A kai ta asibiti a ranar.

Maganin waɗannan biyun ɗaya ne: ruwan sha. A tace shi, a tafasa har ya yi ɓararraka, ko a sa masa maganin kulorin kamar yadda aka rubuta a jikin kwalba a jira rabin sa'a. A zuba a jarka mai murfi, ba randar da kowa ke tsoma moɗa ba. A wanke hannu da sabulu bayan kewaya da kafin cin abinci. Rijiyar da ambaliya ta shiga ba a sha sai an yashe ta an sa magani.

Saran maciji. Ruwa yana koro macizai zuwa tudun da mutane suka taru. A riƙa haska tocila da dare, a kakkaɓe shimfiɗa, a cusa gefen gidan sauro a ƙarƙashin tabarma. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana wurin motsi, a ɗauki maras lafiya zuwa asibiti. Dafin kububuwa yana tsinka jini, kuma mai ciki tana iya zubar da jini ta ciki. Allurar kashe dafi ana yi wa mai ciki, kada a ji tsoro.

Alamomin da ba a kwana da su

Ko ruwa ya kai ina, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan a nemi hanya nan take: zubar jini kowane iri, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, ɗa ya rage motsi ko ya daina, naƙudar da ta wuce sa'o'i 12, wato daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, hannu ko cibiya ta riga kai fitowa.

Idan haihuwa ta zo babu hanyar fita

Ba mu ce a haihu a gida ba. Amma in ta kama dole, mai karɓar haihuwa ta wanke hannu da sabulu sosai, a shimfiɗa leda da zane mai tsabta. Kada a danna ciki, kada a ba da jiƙo ko allurar ƙara naƙuda, kada a yi yankan gishiri. Da jariri ya faɗo a goge shi ya bushe, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula. A ɗaure cibiya wuri biyu da zaren da aka tafasa, a yanke tsakani da sabuwar reza. Kada a sa mata toka ko man goge baki ko kashin shanu, domin ta nan cutar sarƙe-haƙora take shiga. Man shafa cibiya da ake bayarwa a asibiti shi kaɗai ya isa. Wanka ya jira sai bayan kwana ɗaya.

A sa jariri a nono cikin sa'a ta farko. Dakashi rigakafi ne, kuma tsotson yana taimaka wa mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Kada a ja mabiyiya da ƙarfi. In ta wuce sa'a ɗaya ba ta faɗo ba, ko jini ya yi ta zuba yana jiƙa zane bayan zane, a riƙa murza marar uwa har ta yi tauri, a sa ta yi fitsari, a kama hanya. Akwai ƙwayar tsayar da jini mai suna misoforostol da ake sha bayan jariri ya fito. A tambayi malamar awo ko za ta ba da ita, ta kuma koya yadda ake sha. Shanta kafin ɗa ya fito haɗari ne babba. Ko komai ya tafi daidai, a kai uwa da jariri a duba su da zarar hanya ta samu, a yi masa allurar rigakafin farko.

Abu na ƙarshe ga mai jego: nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba tofi a ruwan da ba a tafasa ba. A lokacin ambaliya, nonon uwa shi ne abin sha mafi tsabta a duk ƙauyen. Uwa ta ci ta ƙoshi daga abin da ya samu, wake, zogale, gyaɗa, kifi, ta ci gaba da shan maganin ƙarin jini. In an zo rabon abinci, a tuna cewa ita bakin mutum biyu ce.

Kira ga magidanta da shugabanni

Kogin Haɗejiya ba abokin gaba ba ne. Shi ya ba mu shinkafa da kifi da alkama da tattasai, shi ya sa ƙasar nan ta yi suna. Amma mai zama a bakin kogi dole ya san halinsa. Muna roƙon masu unguwanni da limamai da ungozomomi su san adadin matan da watansu ya kusa a unguwarsu tun farkon Agusta, su san wadda za a fara fitarwa. Muna roƙon surukai da iyaye mata su sassauta wa 'yan mata kunyar cikin fari, su riƙa tambayarsu. Maigida kuma, yadda kake ɗaga buhunan hatsi sama tun kafin ruwa ya shigo, haka za ka ɗaga iyalinka zuwa tudu tun hanya tana nan. Gonar da ruwa ya ci ana sake shuka ta da rani.

Duk mai tambaya ta same mu a sashen awon ciki ranar awonta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga sharrin ruwa, ya sauki masu ciki lafiya. Amin.